Wandon da Aka Ce Yana Numfashi

Ni ba matafiyi ba ne, gara in faɗa tun farko. Kafin wannan tafiyar iyakata garin Malam Madori ranar kasuwa, sai Guri in an yi suna ko rasuwa a dangin mahaifiyata, kuma ko can ɗin ba na yarda in kwana biyu. Matata Hauwa takan ce ko gidan maƙwabta na shiga sai na leƙo na ga ko namu yana nan. To amma shekara biyu a jere ruwa ya cinye min shinkafa a fadama, ta biyun ma har ta fara fitar da kai. Shi ya sa wata safiya sai ga ni cikin jirgin ruwa daga Kalaba zuwa Kamaru, na rungume ƙarfe ina amai kamar ban taɓa ganin kwalekwale ba.

Abin ya ba ni kunya ƙwarai. Ni da na tashi a bakin kogin Haɗeja, ni da nake yini cikin ruwa har ƙirji ina yankan ciyawar kacala, wai ni ne ruwa yake juya wa ciki. Wata tsohuwa mai kwandon busasshen kifi ta miƙo min ɓarin lemon tsami, ta nuna min in tsotsa. Ba ta jin yarena, ba na jin nata. Har muka sauka a Limbe tana duba ni tana gyaɗa kai.

Daga Limbe mota ta hau da mu garin Buya. Da na ji sunan, kunnena ɓuya ya ji, kuma sunan bai yi ƙarya ba, don na yi kwana huɗu a garin ana ce min ga dutse can, ni kuwa ban da gajimare ba abin da nake gani. Ran na biyar da sassafe na fito alwala, na ɗaga kai, sai ga shi tsaye a kan garin, baƙi ƙirin, ya tare rabin sama. Buta ta kusa faɗuwa daga hannuna. A Haɗeja in ka hau jigawa ka gama hawa.

Mai masaukina Baba Sule ne, mahauci, mutumin Guri, wanda ya daɗe a can har 'ya'yansa sun fi jin Turancin buroka a kan Hausa. Shi kam harshensa bai canja ba, yana nan da ɗan jan nan na mutanenmu masu maƙwabtaka da Barebari. In yana magana nakan rufe ido in ji kamar ina zaure a gida. Na nemi aiki a tasha, na nema a wajen masu gini, ko'ina da mutanensa. Abinci kuwa gwaza da ayaba, safe da yamma. Har mafarkin tuwon shinkafa da miyar kuka nake yi, in farka ina haɗiyar yawu.

Wata rana Baba Sule ya ce, "Idi, kana iya dako?"

Na ce, "Baba, buhun shinkafa nake ɗauka daga fadama har bakin titi."

Ya ce, "Wannan ba titi ba ne, amma taso."

Ya kai ni wajen wani mutum gajere mai faɗin ƙirji, shi ne shugaban wasu 'yan dako masu ɗaukar wa baƙi kaya zuwa kan dutsen. Sunansa Ekema, amma kowa Mola yake ce masa, haka mutanen wurin suke kiran namiji babba, kamar mu ce kawu. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya daɗe a kan ƙwaurina. Baba Sule yana fassara min. Mola ya ce ba ya ɗaukar baƙo aiki, amma saboda shekarun da ya yi yana cin naman Baba, zai gwada ni hawa ɗaya na kwana uku. In na kai kaya na dawo da su da kaina, ba wanda ya karɓa min ko taki ɗaya, na samu aiki har ƙarshen rani. In kuwa kayan suka koma wuyan wani, to in nemi hanyar gida.

Hanyar gida hannu Rabbana, in tarar da Hauwa da yara da rumbu ba komai. Na ce na yarda.

Sai Mola ya lissafa abin da zan nema: takalmi mai riƙe idon sawu, rigar ruwa, da wandon ruwa. Takalmi da riga Baba ya ce akwai na babban ɗansa. Wandon ne ya ba ni dariya.

Na ce, "Baba, gaya masa ni ɗan Haɗeja ne. Mu in ruwa ya sauko naɗe wando muke yi mu wuce."

Mola bai yi dariya ba. Ya ce in nemi marar nauyi, wanda yake numfashi.

Na ce, "Yake me?"

Baba Sule ya ce, "Haka ya faɗa. Wando mai numfashi. Ni ma nama na sani, je ka kasuwa ka tambaya."

Na tafi kasuwar gwanjo ina maimaita kalmar a raina. Ina cikin zagaye sai na ji an ce, "Malam, sannu da zuwa, daga ina?" Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Hausa tsantsa, a tsakiyar waɗannan mutanen. Wani dogo ne mai hula, ya ce sunansa Tanimu. Na ce daga Haɗeja. Ya tafa hannu ya ce ai gida ne, kakarsa 'yar can ce. Kunnena ya gaya min bakinsa ba na wajenmu ba ne, ko sunan garin bai faɗa yadda muke faɗa ba. Amma kewar gida ta toshe min kunnen.

Ya zaro min wani wando ruwan ɗorawa, roba zalla, mai kauri kamar tayar keke. Na ɗora a tafin hannu na auna, yadda muke auna shadda a kasuwa. Ya yi nauyi, zuciyata ta kwanta. Mu dai a wajenmu abu mai nauyi shi ne mai ƙarko. A gefe na ga wasu sirara kamar leda, na ce waɗancan fa? Ya ce na yara ne, ƙaya ɗaya ta gama da su.

Na ce, "To amma an ce min sai mai numfashi. Wannan yana yi?"

Ya ɗan dube ni, sai ya ce, "Haba ɗan'uwa! Kawo kunnenka."

Ya kaɗa wandon a iska, ya naɗe ƙugun, ya riƙe bakin ƙafa ɗaya ya kawo saitin kunnena. Sai na ji fuuu, a hankali, kamar saniya tana hutawa. Na ce Allahu akbar, Nasara bai bar komai ba. Na biya, har da yi masa addu'a. Daga baya aka gaya min irin wandon da masu feshin magani a gonakin ayaba suke sawa ne.

Ranar hawa muka taru da hantsi a ƙarshen gari. Baƙin su uku ne daga Duwala, babbarsu wata mata mai furfura a gaban goshi, Madam Aginas, ma'aikaciyar asibiti. Jakarta aka ba ni. Ta taɓa aiki a Garwa, don haka tana jin Hausa kaɗan-kaɗan, sai dai ba ta raba mace da namiji. Ta ce min, "Malam, kina lafiya?" Na ce lafiya lau, ranki ya daɗe. Jakar irin ta goyo ce mai igiyoyi, ni kuwa na yi gammo na ɗora ta a ka. Sauran 'yan dakon biyu suka fashe da dariya. Mola ya sauke ta, ya goya min, ya ɗaure min igiyar ƙugu da kansa. Sannan ya kalli wandona, wanda na sa tun daga gida don kada a ce ban shirya ba. Ya girgiza kai, muka kama hanya.

Zangon farko daji ne, itatuwa dogaye, ƙasa baƙa mai santsi, ba iska ko kaɗan. Kafin mu yi nisa na ji gumi yana gangarowa cikin robar nan, ba inda zai fita. Kowane taki wandon yana cewa ƙwac, ƙwac. Ɗaya daga cikin 'yan dakon ya fara kwaikwayon kukan kwaɗo a bayana, ɗayan yana amsa masa. Ban ji haushi ba, don ni ma abin da kunnena yake ji ke nan. Abin da ya dame ni cinyoyina ne. Robar ta dinga gugarsu har suka saɓule, ga gumi mai gishiri yana shiga. Kuma nauyin da na yaba a kasuwa, yanzu kowace ƙafa sai na roƙe ta kafin ta ɗagu.

Da muka isa bukkar zangon farko na zagaya baya na cire shi. Na juye takalmina, ruwa ya zubo kamar na tsallaka rafi, alhali ko ɗigo bai sauko daga sama ba. Wandon yadin da ke ciki ya jiƙe sharkaf. Na ninke robar na cusa a ƙarƙashin wani dutse, na ce zauna nan ka yi ta numfashinka. Na yi sallar azahar, muka ci gaba.

Sama da nan daji ya ƙare kamar an yanke shi da wuƙa. Sai ciyawa da baƙaƙen duwatsu, hanya ta miƙe tsaye, wani wurin sai da hannu. Iska ta fara kaɗawa, na ji daɗi da farko don ta busar min da gumi. Can wajen la'asar gajimare ya taso daga ƙasanmu, ban taɓa ganin hadari ya zo ta ƙarƙashin ƙafa ba. Mola ya yi tsawa ɗaya, kowa ya tsaya. Kafin in ƙifta ido duk sun zaro wasu 'yan ƙullin abu kamar dunƙulen fura, sun warware, sun zura a kan wandunansu ba tare da sun cire takalmi ba. Irin siraran nan ne da Tanimu ya ce na yara.

Ni kuwa na sa rigar ruwa, na sunkuya na naɗe wandona har gwiwa, kamar yadda na saba tun ina yaro.

Ruwan Haɗeja ɗumi gare shi. In ya dake ka a gona sai ka ji kamar wanka, ka dawo gida ka sha kunu shi ke nan. Wannan kuwa ta gefe yake zuwa, iska tana watso shi kamar tsakuwa, kuma sanyinsa na ƙanƙara ne. Ya bugi ƙwaurina tsirara, ya bi rigar ruwan ya gangaro cikin wandon yadin, wandon ya manne a cinyoyin da suka riga suka saɓule. Da farko zafi na ji. Daga baya na daina jin komai, kuma wannan ne ya fi ba ni tsoro. Ina ganin ƙafata tana taka dutse amma ba na jin ta taka. Haƙorana suna haɗuwa kaf-kaf-kaf. Na so in yi salati, harshena ya ƙi juyawa.

Na faɗi a kan gwiwa sau ɗaya, na tashi. Na sake faɗuwa. A ta uku na ga takalmin Mola a gabana. Ya kai hannu kan igiyar jakar a kafaɗata. Na riƙe igiyar da hannu biyu. Ba ni da bakin magana, kai kawai nake girgizawa. Na san in jakar nan ta bar bayana ta hau nasa, aiki ya tafi, kuma ban san da wane ido zan kalli Hauwa ba. Ya ja, na riƙe. Ya yi min tsawa da buroka, na ji kalmar mutuwa a ciki.

Sai Madam Aginas ta zauna daɓas a gindin wani babban dutse da ya tare iska, ta dafe ƙirji. Ta ce ta gaji, ba za ta ƙara taki ɗaya ba sai ta huta, kuma a kawo mata jakarta nan kusa da ita tana son magani. Mola ya sake ni. In baƙuwa ta ce a tsaya, dole a tsaya, kuma in ta ce a sauke mata jakarta, ba a ce ɗan dako ya gaza ba.

Na ja jiki na kai mata, na zauna kusa da ita. A nan ne kunnena ya yi min aikin da ya ƙi yi a kasuwa. Matar nan da ta ce ta gaji, numfashinta yana fita sumul, a hankali, kamar mai zaune a tsakar gida. Ko haki ba ta yi.

Ta buɗe jakar, ba magani ta ɗauko ba. Ta ɗauko busasshen wando mai laushi da wani ɗan ƙulli baƙi. Ta ce, "Malam, ki cire wannan jiƙaƙƙe. Maza. Ni na juya baya." Ta juya, ta kuma sa sauran suka juya. Mola ne ya taimaka min, don yatsuna sun ƙi kama komai. Ya zura min busasshen, sannan ya warware ƙullin. Wandon ruwa ne, na ƙanenta da ya fasa zuwa. Ya zuge zif ɗin gefe tun daga idon sawu har gwiwa, ƙafata ta wuce da takalmi da komai, ya zuge ya rufe. Tun safe ashe a bayana yake, ina ɗauke da shi.

Ba shi da nauyin komai, sai na ji kamar ban sa ba. Amma iskar nan da take yanka ni ta tsaya a waje. Madam ta ba ni shayi mai zafi daga gorarta, da sukari da yawa, ta sa na dinga buga ƙafa a ƙasa. A hankali zafi ya dawo, irin zafin da yake sa mutum hawaye. Da ta ga na iya cewa alhamdu lillahi ba tare da harshe ya sarƙe ba, sai ta miƙe ta ce ta huta, a tafi. Na goya jakata. Mola ya dube ta, ya dube ni, ya wuce gaba.

Mun isa zango na biyu kafin magariba. Ina shan ruwan zafi a bakin bukka na tambaye ta maganar da take cina. Na ce, "Ranki ya daɗe, wai da gaske wannan yana numfashi? Na saurara ban ji komai ba." Na ba ta labarin Tanimu da fuuu. Ta yi dariya har ta ƙware, ta fassara wa sauran, masu kukan kwaɗo suka kwanta a ƙasa. Mola kansa sai da ya juya fuska. Sannan ta ce in sa hannu cikin wandon in taɓa. Na taɓa, a bushe, alhali na yi tafiya mai nisa a cikinsa. Ta ce numfashin ke nan: ruwan sama ba ya shiga, amma tururin jiki yana samun hanyar fita. Ta ce kuma ba a sa shi tun daga gida, sai an ga ruwa ko iska, in ya wuce a cire.

Washegari muka kai ƙololuwa, ba ruwa, sai iska mai neman ɗauke mutum. Na ga gajimare shimfiɗe a ƙasa kamar fadama ta cika ta batse, na tsaya ina kallo har aka kira ni. Rana ta uku muka gangaro, cinyoyina suna ƙuna, amma jakar tana bayana har ƙofar motar da ta zo ɗaukarsu. Na ɗauko wandon ruwan na ninke zan ba ta. Ta karɓa, don na ƙanenta ne, ta riƙe hannuna da hannu biyu ta ce, "Ki gaida yara." Ban sake ganinta ba. Har yau in na idar da salla ina sa ta a addu'a, ita da tsohuwar jirgi mai lemon tsami.

Mola bai gaya min ko na samu aikin ba ranar. Ya sallami kowa ya tafi. Na koma gidan Baba Sule na kwana biyu ina shafa man kaɗanya, ina ta saƙe-saƙe. Mola ya ga faɗuwata sau uku. Ya san dalilin hutun Madam, don ba yaro ba ne. Baba ya ce in yi haƙuri, mutumin ba ya son a tambaye shi. Na fara haɗa 'yan kayana a hankali.

Ran na uku da hantsi sai ga Mola a ƙofar gida. Ya ce in taso. Ban tambayi ina ba. Muka shiga kasuwar gwanjo, muka wuce rumfar Tanimu, wanda ya gan ni ya sunkuya yana gyaran kayan da ba su ɓaci ba. Mola ya kai ni can ciki wajen wata mata mai tarin kayan hawa. Lokacin na fara tsintar buroka, yana faɗa yana nunawa da hannu, ina ganewa.

Ya ɗauki ɗaya ya juya cikinsa waje, ya nuna min bayan ɗinki. Ya ce ruwa ta ramin allura yake shiga, don haka sai wanda aka bi kowane ɗinki da siririn tef aka liƙe. Wannan tef ɗinsa ya ɗago, ya jefar. Ya ɗauki wani ya ɗaga shi saitin rana, muka ga haske yana ratsowa ta gwiwa, ya jefar. Wani cikinsa yana zubar da farin gari kamar dusa, ya ce ya mutu. Wani ba zif a ƙafa, ya ce kafin ka cire takalmi a kan dutse ka riga ka jiƙe. Ni ma na murza ɗaya kusa da kunne, na ji yana ƙaras-ƙaras kamar ledar burodi, na ce wannan ba zai yi ba. Ya dube ni ya gyaɗa kai. Daga ƙarshe ya samu wani shuɗi, ya yi kwarmi da gwiwar wandon, ya karɓi ruwa wajen matar ya zuba, muka tsaya muna kallo. Ruwan ya dunƙule yana gara kamar a kan ganyen gwaza, ƙasan a bushe. Ya dunƙule wandon a hannu ɗaya, ya ɓace cikin tafinsa.

Ya ce in gwada a kan wandona, in tsuguna, in ɗaga gwiwa har ƙirji. Na yi. Ya ɗan kama ni a cinya, amma na ce ya yi, don kada in wahalar da shi. Ya girgiza kai, ya tono wani irinsa da ya fi faɗi, ya cilla min a kafaɗa.

Ya ce, "Ɗauki babban. Wata huɗu za ka yi kana sa shi, ba na son ya yage min a hanya."

Na tsaya riƙe da wando a tsakiyar kasuwa. Shi kuwa har ya yi gaba, ya waiwayo ya ce jibi da hantsi, kuma in ci abinci sosai kafin in zo.